Matambayi Ba Ya Ɓata: Wasan Taimako da Makaɗan Unguwa

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda kamar an haɗa baki: ana so a tara kuɗi don wani aikin unguwa, an kuma yanke shawarar kiran makaɗa da mawaƙan gida su yi wasa. Na cire sunaye kamar yadda na saba, na rage masu tsawo. Ga wanda bai san mai shafin ba, na daɗe ina ba da hayar lasifika da janareta, ina kuma riƙe makirfo a wuraren biki. Daga nan nake magana.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. Famfon rijiyar burtsatsen da muke sha ya ƙone tun bara, gidaje sun koma sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa. Mai gyara ya ce sai an sayi sabon famfo an ƙara farantan sola, kuɗin zai kai naira miliyan 2. Muna da masu kalangu a unguwar, da samari masu waƙa da fiyano, da mata masu kiɗan ƙwarya, duk sun ce za su yi mana wasa kyauta. Ta ina za mu fara? (Sakatare, daga Funtuwa)

AMSA: Ɗana, ku fara daga inda kowa ke jin nauyin farawa: kuɗin da aka liƙa wa mawaƙi a wurin, na wa ne?

Ga yadda abin yake faruwa. Wajen ƙarfe biyar fili ya cika. Mai kalangu ya hango wani Alhaji mai shagon siminti a layin gaba, sai ya sauya take. Sanƙira ya matso ya shiga jero masa iyaye da kakanni, har da kakarsa ta wajen uwa da ta yi suna da fura a bakin kasuwa. Alhaji ya yi ta sunkuyar da kai yana murmushi, can dai ya miƙe, ya naɗe hannun babbar riga, ya zaro ɗaurin 'yan ɗari biyar-biyar ya fara mannawa a goshin mawaƙi. Wani yaro cikin 'yan amshi yana durƙushe yana tsincewa, yana cusawa a jakar da ya rataya a wuya. A ran Alhaji, ya ba da gudummawar famfo. A ran yaron, an yi wa maigidansa kari. Babu maƙaryaci a cikinsu. Sai an watse, a bayan rumfa, da hasken tocilar waya, za a gano akwatin ƙungiya bai ko tara kuɗin man janareta ba, jakar yaro kuwa ta yi nauyi. Na ga zumuncin shekaru ya mutu a irin wannan tsayuwa.

Abin da kuke shiryawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun san ajo: mutum ya shiga matsi ko aure ya taso masa, ya raba goron gayyata, ya kira makaɗa, abokan arziki su zo su zuba masa kuɗi. Amma a ajo an san mai ajo, shi da makaɗi kuma sukan gama magana kafin a rataya kalangu. Ku mai ajonku famfo ne, ba shi da bakin magana, don haka ku za ku yi masa. Kafin ku buga ko da fasta ɗaya, ku tara shugabannin makaɗan nan uku a zauren mai unguwa. Ko dai duk abin da aka zuba ya shiga asusun aiki, ku kuma ku sallame su da wani adadi da aka ambata tun yanzu, ko a ware musu kaso, misali ɗaya cikin huɗu. Duk wanda kuka zaɓa a rubuta, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya riƙe kwafi.

Ni dai da za ku bi tawa, da babu liƙi sam. A kafa teburi a gefen makaɗa, a ɗora akwati mai kwaɗo, mutum biyu su zauna da littafi. Mawaƙi ya wasa mutum son ransa, amma idan ya taso, sanƙira ya raka shi teburin. Wannan ma kariya ce ga masu bayarwa. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya mayar da liƙa naira da watsa ta da taka ta laifi, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Shekara da shekaru ba wanda ya kula da dokar, amma a 2024 hukumar EFCC ta fara gurfanar da fitattun mutane a kanta, har wata kotu a Legas ta ɗaure wani wata 6. Yau kuwa kowane yaro a filin waya ce a hannunsa yana ɗauka. Bai kamata mutum ya zo taimakonku ya koma da fargaba ba.

Kada dai ku kashe armashin abin. Da yawa suna bayarwa ne don an kira sunansu a bainar jama'a, ba kuma aibu ba ne. Mai gabatarwa ya faɗi suna ya faɗi adadi, a yi guɗa. Wanda ya fi son a rufa masa asiri a ba shi ambulan. Sai alƙawari: ɗan siyasa zai aiko wakili ya karɓi makirfo ya ce maigidansa ya ba da rabin miliyan, a zo ofis a karɓa. Ku tafa masa, ku rubuta a shafi daban, kada ku haɗa shi da kuɗin da ke cikin akwati, kada kuma ku sanar wa jama'a jimilla da shi a ciki. Ranar da ya zo hannu sai ya zama kuɗi.

Na biyu, makaɗa ne suka ce kyauta, taron bai ce ba. Akwai rumfa, kujeru, lasifika, janareta da mansa, ruwan sha, sallamar 'yan sintiri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta kaɗai ya isa ya cinye abin da talakawan unguwa suka jefa a akwati. Ma'aunina shi ne, idan hidimar za ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da kuke sa ran samu, ku rage ta ko ku fasa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Dabarar ita ce ku roƙi hidimar da kanta maimakon kuɗinta. Mai hayar kujeru ya ba da kujeru, mai gidan mai ya ba da jarka, hedimasta ya ba da filin firamare, mai lasifika irina ya yafe haya ku ɗauki nauyin yaron da zai kula da na'ura. Mutum ya fi sauƙin ba da abin da yake da shi a ajiye a kan ya ciro kuɗi daga aljihu. Idan kuka yi haka, nairar farko da ta faɗa akwati ta famfo ce.

Izini kuwa, daga mai unguwa ake farawa, shi zai kai ku gun dagaci. Ku je wa liman da kanku, kada ya ji a bakin yara. Ku rubuta wa DPO takarda da rana da lokaci. Inda ake da Hisbah, ku sanar da su tsarin zaman maza da mata tun kafin su tambaya. Masu karatu na Kano su ƙara da Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, don tana da ta cewa kan mawaƙa da wuraren wasa. Babban wasan ku fara shi bayan la'asar ku tashi kafin magariba. Duk abin da ya shiga duhu, na masu ƙwacen waya ne.

Tsarin wasan ma kuɗi ne. Kada ku gwamutsa ukun a zama ɗaya. Matan ƙwarya a ba su hantsi, a cikin makaranta, mata zalla, su riƙe akwatinsu da littafinsu; za ka sha mamakin abin da zai fito daga ƙullin zane. Kalangu da la'asar, lokacin da manya ke zaune. Ku kai wa Sarkin Fawa goron gayyata hannu da hannu, domin kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, idan aka kaɗa musu takensu ba sa zama. Samarin fiyano su zo a ƙarshe, su kuma masu son su ba masu zuba kuɗi ba ne, sai dai ku sa ɗan kuɗin shiga mai sauƙi a ƙofa. Ku saurari waƙoƙin da za su rera tun jajibiri. Waƙar jam'iyya ɗaya, ko habaici ga wani mai kuɗin unguwa, ta isa ta kori rabin masu bayarwa.

Sai ma'ajiya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da turawa ta waya, don haka dole ku rubuta lambar asusu ɓaro-ɓaro a kan kyalle. Kada ta zama lambar asusunka, ko da kai ne waliyyin unguwar. A buɗe na ƙungiya, wanda ba a cire komai sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu; banki zai nemi takardar rajistarku, don haka ku fara wannan da wuri. A ranar wasa a sa mutum guda ya riƙa duba shigar kuɗin a cikin asusun, kada a dogara da hoton da mai turawa ya nuna, alat na bogi ya yi yawa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ɗana ne ke rubuta mini. Ni makaɗi ne, ina da yara shida da ke bi na. Bana an kira mu wasan taimako har sau uku, na asibiti, na gyaran kwalbati, na wani mara lafiya, ba mu karɓi ko sisi ba. Yanzu ga na huɗu. Yarana sun fara gunaguni, ni kuma idan na ƙi za a ce ba na kishin gari. Yaya zan yi? (Makaɗi, daga Gusau)

AMSA: Allah ya ja zamanin sarkin kiɗa. Gunagunin yaranka a kan gaskiya yake. Muryarka taka ce, kana iya bayar da ita kyauta duk ranar da ka ga dama. Amma yinin ɗan amshinka ba naka ba ne. Wannan ɗan acaɓa ne, wancan tela ne, ranar da suka bi ka sun bar abin da za su kai cefane. Kai za a yi wa godiya a lasifika, su kuwa su koma gida da ƙura a ƙafa. Sadakar da ka yi da guminsu ba ka nemi yardarsu ba, akwai gyara a cikinta.

Idan masu gayya sun zo, ka ce musu: ni na yafe nawa, amma kuɗin mota da abinci da sallamar yara suna wuyanku, ga adadin. Ka faɗe shi a zaman farko, da fara'a, gaban shaida. Ba wanda ke tsammanin mai gidan mai ya ba da mai kyauta sau huɗu a shekara, ban ga dalilin da za a tsammaci haka daga gare ka ba, alhali fatar kalangu tana fashewa, tsarkiya tana tsinkewa, ba kuma ƙungiyar matasa ke saya maka ba. Idan sun ce ko wannan ba za su iya ba, akwai hanyar da ba ƙi ba ce: ka zo kai da mai kalangu ɗaya, ka yi waƙa biyu ko uku, ka jefa abin da ya sawwaƙa a akwati kamar kowa, ka tafi. Ka fita kunyar gari, yaranka sun yi sana'arsu.

Ka kuma riƙa tambaya, wa zai riƙe kuɗin, yaushe za a karanta lissafi? Kana da ikon tambaya fiye da kowa, domin sunanka ne ya tara jama'ar. Idan kuɗin suka bi ruwa, ba wanda zai tuna sunan ma'aji, cewa za a yi kuɗin wasan wane. Haka batun hoton bidiyo. Yaran da ke ɗauka da waya su sa a TikTok ba abin da za ka yi da su, talla ce ma. Amma wanda ya kafa kyamara don ya sayar ko ya ɗora a tasharsa ta YouTube da ke kawo masa kuɗi, sai da yardarka. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta amince da haƙƙin mai wasa a kan wasansa.

Bari in ɗan karkata ga masu shirya irin wannan taro, tunda su ma suna karantawa. Akwai wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. A lallaɓa a kira makaɗi, ya tara muku jama'a, ya tsaya a rana yana zufa, amma ko kujera ba a ajiye masa ba. Wajen jawabin godiya a jero Alhazai da kansila da wakilin wakili, shi ko a ce da sauran maroƙa. Wanda ya kawo gudummawar da ta fi ta kowa shi aka raina. Ku kira sunansa da na yaransa ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta shi cikin jerin masu gudummawa.

TAMBAYA: Kawu, wasunmu sun ce mawaƙan unguwa ba za su tara jama'a ba, gara mu ɗauko babban mawaƙi daga Kano. Me ka gani? (Wani ɗalibi, daga Azare)

AMSA: In ba wani mai hali ne ya ɗauki nauyin zuwansa daga aljihunsa ba, ku bari. Ko ya yafe kuɗin wasa, akwai mota, masauki, abincin tawagarsa, manyan lasifika, ƙarin jami'an tsaro. Zai cika muku fili da baƙin da suka zo kallonsa, waɗanda ba ruwansu da aikinku. Makaɗin unguwa kuwa ya san kakan kowa, ya san wanda ya sayar da hatsi jiya, ya san surukai biyun da ɗaya ba zai yarda ɗaya ya fi shi bayarwa ba. Wannan sani shi ke buɗe aljihu.

Ko a babban wasan nan na Live Aid, wanda aka yi ranar 13 ga Yulin 1985 a filin Wembley na Landan da kuma birnin Philadelphia na Amurka don yunwar ƙasar Habasha, ba kuɗin ƙofa ne ya yi yawan abin da aka tara ba. Daga masu kallo a talabijin, waɗanda suka riƙa buga waya suna bayarwa, da kuɗin da tashoshi suka biya, mafi yawa ya fito. Ku ma kuna da masu kallo na nesa: 'yan garinku da ke Legas da Abuja da Fatakwal da Saudiyya. Ku sa mutum ɗaya mai waya mai kyau ya riƙa tura musu gajerun bidiyo ta WhatsApp ana cikin wasan, da lambar asusu a ƙasa. Ku sa makaɗi ya ambaci sunayensu, ku tura wa kowa nasa. Mutumin da ya ji ana kiran sunan mahaifinsa a filin da ya yi wasan ƙasa, yana can ƙasar wasu, ba ya kwana bai turo ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu matan unguwa ne, iska ta yaye rufin Islamiyyar yaranmu. Mun so a yi wasa da makaɗa a tara kuɗi, sai liman ya ce ba za a rufa makarantar Alƙur'ani da kuɗin kiɗa ba. Wasu mata sun fusata, sun ce a yi ko ya ƙi. Ina mafita? (Wata uwa, daga Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fatawa ta malamai ce, su ma sun daɗe da saɓani a kan kiɗa: wasu sun hana kayan kiɗa in ban da duffi a biki da ranar Idi, wasu sun fi duba abin da ake faɗa da yanayin taron. Abin da ya shafe ni shi ne rufin, da zaman lafiyar unguwarku bayan an rufa. Idan kuka yi wasan a kan ƙin liman, za ku iya samun kwano, amma wasu iyaye za su janye 'ya'yansu, malaman makarantar su shiga tsaka mai wuya, a shekara ana nuna rufin da baki. Ku bar masa wannan.

Makaranta tana da nata hanyar tara jama'a wadda ba mai ja da ita. Ku kira taron gidauniya. Ɗalibai su yi tilawa, su rera waƙoƙin makaranta da baki ba kiɗa, a yi gajeriyar musabaƙa, a gayyaci tsofaffin ɗalibai da iyaye. Uwar da ta ga ɗiyarta 'yar shekara bakwai ta riƙe makirfo tana karanta Tabara ba gargada, ba sai an wasa ta ba. A raba aikin gunduwa-gunduwa: wa zai ɗauki bandir ɗin kwano ɗaya, wa zai ɗauki katako, wa zai biya kafinta. Ku mata kuna da abin da maza ba su da shi, wato anko da adashi. Ku fitar da atamfa ko hijabi na taron ku ɗora 'yar riba a kan kowane, ku kuma roƙi 'yan adashinku a ba makaranta kwasa ɗaya. Masu waina da zoɓo da kunun aya su kafa teburi, ribar ranar ta shiga asusu.

Wani zai ce a kira masu bege da mandiri. A unguwar da mabiya ɗariƙa suka fi yawa zai karɓu, a wata kuwa sabuwar rigima za ku tayar. Ku kuka san mutanenku. Makaɗan da kuka riga kuka yi wa magana kada ku watsar da su. Ranar da za a yi aikin magudanar ruwa ko ɗakin haihuwa, sai a kira su.

TAMBAYA: Kawu, mun yi namu wasan wata uku da suka wuce don gina ajujuwa biyu. Kuɗin bai kai ba, muna jiran waɗanda suka yi alƙawari. Yanzu ana ta yaɗa cewa kwamiti ya cinye, har an daina amsa sallamar ma'ajinmu a masallaci. Wallahi ba mu taɓa ko kwabo ba. (Ɗan kwamiti, daga Haɗeja)

AMSA: Na yarda da kai, ɗana, amma rantsuwa ba ta maye gurbin takarda. Wata uku kuna shiru, shirun ne ya haifi maganar. Ba ku kaɗai ba ne kuma tsarkin zuciya ya kasa fitarwa. Ranar 1 ga Agustan 1971, makaɗa George Harrison na Ingila da Ravi Shankar na Indiya suka shirya wasa sau biyu a zauren Madison Square Garden na birnin New York don 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh. Mutum wajen 40,000 suka halarta, kuɗin tikiti kimanin dala 243,000 ya tafi asusun UNICEF. Amma miliyoyin da faifai da fim ɗin wasan suka kawo, hukumar harajin Amurka ta riƙe su shekaru, saboda ba a yi wa abin rajistar aikin agaji tun farko ba. Su ma an yi ta yi musu surutu.

Da a daren wasan kuka ƙirga a gaban mutane, da ba a kai nan ba. Yadda nake so a yi ke nan: a ɗauki akwati daga fili kai tsaye zuwa zauren mai unguwa, ƙofa a buɗe. A shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar caji, a fasa kwaɗo a zazzage. Wannan ya ware 'yan dubu-dubu, wancan 'yan ɗari biyu, wani ya riƙa miƙar da waɗanda suka jiƙe da gumi suka dunƙule, a ɗaure kowane ɗauri da roba, yara suna leƙe ta taga. Malamin lissafi ya haɗa jimilla, a faɗa da ƙarfi, a rubuta, mutum biyar su sa hannu, a ɗauki hoton takardar a tura wa kowa kafin a kwanta.

Yanzu da bakin alƙalami ya bushe, ga abin yi cikin makon nan. Ku karɓo takardar bayanin asusu daga banki. Ku tattara rasit na duk abin da aka kashe, har na ruwan leda. Ku miƙa wa mutum uku da ba sa cikin kwamiti, ɗaya a cikinsu mace, su duba. Sannan a kira taro a ƙofar mai unguwa a karanta: ga abin da ya shigo, ga abin da hidima ta ci, ga abin da ya rage, ga kuma jimillar alƙawarin da bai zo ba. Sunayen masu alƙawarin kada ku karanta a taron farko. Ku aika musu cewa za a karanta a na biyu, za ku ga aiki. Idan an sami giɓi, komai ƙanƙantarsa, ku ku fara faɗa, ku faɗi wanda zai cike. Daga nan ku daina jira. Abin da ke hannu, ko harsashi kawai zai iya, a sauke yashi a sayi siminti a fara. Gani ya kori ji, kuma kuɗin da ke kwance a banki kullum siminti ƙara tsere masa yake yi.

TAMBAYA: Kawu, ambaliya ta ci gidaje a ƙauyenmu, an rasa rayuka. Ya dace a yi kiɗa don tara musu taimako? (Wani malamin makaranta, daga Ringim)

AMSA: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da alheri. Ba yanzu ba, Malam. Makon farko na tabarma ne da abinci da magani, gida-gida ake bi a karɓa, ba a jiran rumfa da lasifika. Haka aka yi a Maiduguri bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024: dafaffen abinci da jiragen kwale-kwale aka fara nema. Wasa na lokacin sake gini ne, bayan an share makoki, sa'ad da masu kawo agaji suka ɗauke ƙafa, mutane kuma suka fara mantawa. A yi shi a garin da ke kusa, ba a kan kangon gidajen ba, a nemi yardar waɗanda abin ya shafa, a kuma gaya wa makaɗa ranar ba ta rawa ba ce.

TAMBAYA: Kawu, ina gaisuwa daga Maraɗi. Muna da samari masu gita da ganga, za su yi wasa a gidan matasa don sayen gadaje a likitar unguwa. Wane lokaci ya fi? (Wani matashi, daga Maraɗi)

AMSA: Ina amsawa, ɗana. Ku ai gadonku ne. Iyayenku sun yi irin wannan a ƙungiyoyin samariya zamanin shugaban Nijar Seyni Kountché. Ku bari a gama kaka, gero ya shiga rumbu, kuɗi ya shiga hannun manoma da 'yan kasuwa. Damina ba ta da tabbas, hadari ɗaya ya watse muku taro da kayan wuta. Ku kauce wa azumi, da makon da ake neman ragon layya. Kwana na biyu ko na uku bayan Sallah yana da kyau, don 'yan ci-rani suna gida. Ku kai takarda ofishin magajin gari da wuri. Kafin ku tsayar da rana kuma, ku binciki lokacin kokowar takobin ƙasa ta bana, domin muddin ana kokowar nan, ko kyauta kuka buɗe ƙofa kowa yana gaban rediyo da talabijin.